Furotin Mai Ruwan Goro da Ke Tsare Bakteriya Daga Ƙunar Haske



A yankin Kanem na ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa a tsakanin tuddan rairayi. Ruwansu kore ne shar, wani lokaci har ya yi kauri. Matan Kanembu kan shiga da safe su kwalfo wannan koren abu da ke saman ruwa, su juye shi a wani ɗan rami mai faɗi da suka shafe a kan yashi. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar da abin da ya rage, sai a yayyanka shi a kai kasuwa. Dihe suke kiransa, miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, tsakanin 1964 da 1965. Yanzu kuwa, da sunan spirulina, ana nomansa a manyan kududdufai a ƙasashe da dama, ana sayar da garinsa a shagunan magani.

Duk wanda ya gan shi zai ce gansakuka ce. Masana kuwa sun sa shi a jerin bakteriya, cikin wani babban dangi da ake kira sayanobakteriya. Dangi ne mai tsohon tarihi. Su ne suka fara amfani da hasken rana wajen fasa ruwa, su haɗa abincinsu daga iskar kabon, su saki oksijin. Masu nazarin duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce ne oksijin ya fara taruwa a sararin duniya, kuma aikin waɗannan ƙananan halittu ne. Hatta koren da ke cikin ganyen dawa da na kuka, masana halitta sun nuna cewa asalinsa daga gare su yake.

To, ga abin da ya kawo mu yau. Wannan halitta tana shawagi a saman ruwa, ba bishiya ba rumfa, ƙarƙashin ranar Sahel da ku da ni muka sani. Ba ta da fata mai kauri, ba ta da ƙafar gudu. Hasken da take ci da shi, shi ne kuma zai iya hallaka ta: zuma ga zaƙi ga harbi. Ta yaya take wuni a rana ba ta ƙone ba?

Sai mun fara sanin yadda take kama hasken. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu gine-gine na furotin da ake kira fikobilisom, masana kan ce musu eriya. A jinsin da aka fi nazari a ɗakunan gwaji, mai suna Synechocystis, kowace eriya tana da cibiya, sai sanduna shida da suka fito daga jikinta, ɗauke da ƙwayoyin launi kusan 400. Launin sandunan shuɗi ne, kuma shi ne dai shuɗin da ake cirewa daga spirulina ana rina alewa da abin sha da shi. Idan haske ya faɗi a kan sanda, ƙarfinsa yakan gangara daga wannan ƙwayar launi zuwa waccan, ya shiga cibiya, daga nan ya sauka kan sinadarin kulorofil, inda ake fasa ruwa. Duk wannan tafiya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin yana isa inda aka aike shi.

A ruwa mai duhu, ko da asuba, wannan ƙwarewa arziki ce. Da tsakar rana sai ta zama masifa. Wurin fasa ruwan yana da iyakar aikin da zai iya yi a daƙiƙa guda, kuma ɗan kaso kaɗan na hasken tsakar rana ya isa ya cika shi. Eriya kuwa ba ruwanta, tana ta turowa. Ƙarfin da ya rasa inda zai shiga sai ya maƙale a jikin kulorofil, shi kuma ya miƙa wa oksijin da ke kusa. Abin tausayin shi ne, oksijin ɗin nan ita kanta ƙwayar ce ta samar da shi. Da zarar ya karɓi wannan ƙarfi sai ya rikiɗe ya zama wani nau'i mai ɓarna, duk abin da ya taɓa sai ya lalata: kitsen da aka yi bangon ƙwayar da shi, launuka, furotin. Akwai wani furotin mai suna D1 da ke tsakiyar wurin fasa ruwa. A haske mai ƙarfi, cikin abin da bai fi rabin awa zuwa awa guda ba sai an cire rabinsu an maye da sababbi. Idan ɓarna ta fi gyara sauri, aiki ya tsaya, ƙwayar ta koɗe, ta mutu.

Manomin rani zai fi kowa gane wannan. An sako ruwa daga babbar hanya, fage ya cika, ruwa kuma bai daina zuwa ba. Mai ban ruwa ba shi da ikon rufe madatsa. Abin da zai yi shi ne ya sa fartanya ya fasa gefen hanya, ya karkatar da rarar ruwan ta wuce, kada ta kwashe masa shuka. Amma aikinsa bai ƙare ba, domin idan ruwa ya ja baya shi kuma bai toshe inda ya fasa ba, fagagen gaba ƙishirwa za ta kashe su. Ku riƙe wannan kashi na biyu, za mu dawo kansa.

A shekarar 1981, wasu masu bincike biyu a Jami'ar Purdue ta Amurka, Holt da Krogmann, suka tace wani furotin mai launin ruwan goro daga jikin sayanobakteriya, ciki har da wata 'yar'uwar dihe da aka fi sani da ita a tafkin Texcoco na ƙasar Meziko. Launin ya samo asali ne daga ƙwaya guda ta karotinoid da furotin ɗin ke rungume da ita, dangin sinadarin da ke ba karas da manja launinsu. Abin da ya ɗaure kai shi ne, karotinoid ba ya narkewa a ruwa, a cikin kitse aka saba ganinsa, amma ga shi wannan furotin yana yawo da shi a cikin ruwan ƙwayar. Aka sa masa suna OCP a taƙaice, aka rubuta bayaninsa, aka ajiye. Me yake yi? Shiru.

A 2003, Cheryl Kerfeld da abokan aikinta a Kalifoniya suka fito da siffarsa dalla-dalla. Furotin ne mai ɓangare biyu, karotinoid ɗin kuma yana kwance a tsakani, rabinsa a nan rabinsa a can, ya ƙulle su wuri guda. An ga siffa ke nan, amma amfaninsa bai fito fili ba.

Sai a 2006, shekara 25 bayan gano shi, aka warware. A Saclay, kusa da birnin Paris na Faransa, Diana Kirilovsky da Adjélé Wilson da sauran abokan aikinsu suka ɗauki Synechocystis suka cire mata ƙwayar gadon da ke ƙera wannan furotin. Ita lafiyayyar, idan aka haska mata shuɗin haske mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci sai a ga ƙarfin da ke ratsa eriya ya ragu ƙwarai. Wadda aka cire wa furotin kuwa ba ta iya wannan ba, kuma haske mai ƙarfi ya fi saurin yi mata illa. Ashe mai gadi ne. Shekara biyu bayan haka, a 2008, suka nuna abin da ni a ganina ya fi komai ban sha'awa a labarin nan: furotin ɗin da kansa yake jin hasken. Idan aka zuba shi a kwalbar gwaji, shi kaɗai ba tare da ƙwayar ba, aka haska masa haske mai ƙarfi, da idonka za ka ga ruwan ya juya daga ruwan goro zuwa ja. A mayar da shi duhu, a hankali ya koma ruwan goro.

Bari mu matso kusa mu ga abin da ke faruwa a ciki. Lokacin da yake ruwan goro, a dunƙule yake, ba ya taɓa kowa. Idan karotinoid ɗin ya haɗiyi haske mai launi tsakanin shuɗi da kore, sai ya ɗan motsa, ɗaurin da ke riƙe da kansa a ɓangare ɗaya ya kwance. Daga nan sai ya zame gaba ɗaya ya shige cikin ɗaya ɓangaren. A 2015 ne tawagar Kerfeld ta auna wannan zamewa, ta samu nanomita 1.2. Nanomita kuwa, a raba milimita guda gida miliyan, a ɗauki ɗaya. A wurinmu ba komai ba ne, amma a cikin furotin tafiya ce mai nisa, don kafin nan an ɗauka karotinoid a kafe yake inda aka dasa shi. Da ya zame, babu sauran abin da ke ƙulle ɓangarorin biyu, sai su rabu. Ɓangaren da ke ɗauke da launin ya je ya manne a cibiyar eriya, daidai mashigar da duk ƙarfin da sanduna suka tara yake bi. Ƙarfi na isowa, karotinoid ya karɓe, ya mai da shi ɗumi, ɗumin ya bi ruwa. Ba a rufe rana ba, ba a rushe eriya ba, an dai buɗe wa rarar hanya.

A 2022 aka samu hoton wannan haɗuwa, ta hanyar daskarar da furotin ɗin a ƙanƙara a duba shi da madubin ilaktiron, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Jihar Michigan da masu bincike na Berkeley. Hoton ya nuna OCP huɗu, biyu-biyu, manne a jikin eriya guda. Ita eriyar ta ninka kowannensu nauyi kusan sau 180.

Yanzu mai sauraro zai ce, to idan haske ne ke juya shi, me ya hana shi juyawa da hantsi, lokacin da ƙwayar ke bukatar kowane ɗigon haske? A nan hikimar take. Wannan furotin yana da taurin kai. A cikin kowane karo 100 da ya haɗiyi haske, wanda zai kai shi ga zama ja bai kai ɗaya ba. Sauran duk sai ya ɗan girgiza ya koma yadda yake. Wanda bai sani ba zai ce aibi ne. Amma ku duba sakamakon. A haske mai rauni, 'yan kaɗan da suka zama ja suna komawa kafin wasu su biyo su, don haka ba sa taruwa. Sai haske ya yi ƙarfi sosai ne masu juyawa ke rinjayar masu komawa. Wato wannan taurin kai shi ne ma'aunin. Furotin guda shi ke auna haske, shi ke yanke hukunci, shi ke zuwa ya yi aikin, babu ɗan aike a tsakani. Ni dai duk lokacin da na yi tunanin wannan tsari, tasbihi ne ke fara zuwa bakina.

Akwai kuma wani aikin da yake yi ko yana ruwan goro: idan oksijin mai ɓarnar nan ya riga ya samu, karotinoid ɗin yana iya kwace ƙarfin da ke jikinsa ya mayar da shi oksijin na yau da kullum.

Mu koma ga toshe inda aka fasa. Gajimare ya gifta, ko iska ta kaɗa ruwa ta tura ƙwayar ƙasa inda 'yan'uwanta suka yi mata inuwa. Haske ya ragu, amma jan furotin yana nan manne yana zubar da ƙarfi. Kowane minti da ya ƙara a wurin, asarar abinci ce. A 2010, Clémence Boulay, ita ma daga ɗakin binciken Kirilovsky, ta jagoranci rahoton gano wani ƙaramin furotin, FRP, wanda ƙwayar gadonsa ke maƙwabtaka da ta OCP. Ba shi da launi, ba ya jin haske. Aikinsa shi ne ya kama jan furotin, ya taimaka a ɓanɓare shi daga eriya, ya haɗa ɓangarorin biyu, karotinoid ya koma mazauninsa. Da aka cire shi, ƙwayar ta iya shiga kariya lafiya lau, fitowa ce ta zame mata aiki.

Idan ana ba da wannan labari, OCP ake yi wa kirari saboda launinsa, FRP kuwa a ambace shi a wuce. A ganina an rage masa haƙƙi. Kare kai daga rana abu ne da halittu da yawa suka iya. Sayanobakteriyar da ke yin ɓawon nan mai duhu a kan ƙasar saura a Sahel, wadda aka yi nazarinta a yammacin Nijar, wasu jinsunanta wani rini mai duhu suke shafawa a kubensu, ya tare haske mai cutarwa dare da rana. Wannan ya dace da mai zama wuri ɗaya. Amma mai rayuwa a ruwa, inda haske ke canzawa daga minti zuwa minti, ribarsa tana ga saurin sakin birki ne.

Ba duka dangin ke da OCP ba. Prochlorococcus, wadda ta cika tekunan duniya masu ɗumi, ba ta da shi, ba ta ma da irin wannan eriya. Akwai kuma wasu bakteriya masu launin shunayya da ke amfani da haske ba tare da sakin oksijin ba. A ɗaya daga cikinsu, Rhodobacter sphaeroides, Shinji Masuda da Carl Bauer sun nuna a 2002 cewa wani furotin mai suna AppA yana jin shuɗin haske, kuma yana lura da yawan oksijin. Idan ɗayansu ya yi yawa, sai ya saki wani furotin da yake riƙe da shi, wannan kuma ya je ya dakatar da ƙera sababbin eriyoyi tun daga tushe. Hanya ce mai jinkiri, ta sa'o'i, ba ta daƙiƙu ba.

Ina ruwan manomi da wannan duka? Ganyen shuka ma yana da irin wannan matsala, sai dai nasa maganin daban ne. Ba ya auna haske kai tsaye. Idan aiki ya yi yawa, tsami ne ke taruwa a cikin jakunkunan da ake sarrafa haske, wani furotin mai suna PsbS ya ji tsamin, wani karotinoid kuma ya canza siffa, a fara zubar da rara. Shiga kariyar na da sauri, fita kuwa takan ɗauki mintuna da yawa. Ku tsaya a gonar da aka shuka wake a ƙarƙashin gero ko dawa, ranar da ake 'yar iska, ku dubi ganyen wake guda ɗaya. Rana ta haske shi, ganyen gero ya kaɗo ya rufe shi, ya sake buɗewa, haka har yamma. Duk shigar da ya yi inuwa, yana ɗaukar lokaci yana ci gaba da zubar da hasken da a yanzu yake bukata. Masu lissafi a Jami'ar Illinois sun ƙiyasta cewa wannan jinkiri na iya cinye har kashi 30 cikin 100 na abin da gona za ta iya haɗawa a wuni.

A 2016, Johannes Kromdijk da Stephen Long na Illinois, tare da Krishna Niyogi na Berkeley, suka ƙara wa ganyen taba ƙwayoyin gado uku don ya riƙa fita daga kariya da wuri. A gonar gwaji, nauyin shukar ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100. A 2022 aka maimaita da waken soya, wasu layukan suka ba da ƙarin da ya kai kashi 33. Shirin da ke ɗaukar nauyin aikin, RIPE, ya sa wake da rogo cikin amfanin gonar da yake nufi, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman duka biyun.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Gwajin waken soyan ƙarami ne, kuma wasu masana aikin gona sun yi suka a kan ƙanƙantarsa. Da aka sa waɗannan ƙwayoyin gado uku a dankalin Turawa a ƙasar Jamus, fita daga kariya ta yi sauri, amma amfani bai ƙaru ba. A wata ƙaramar ciyawar gwaji ma, girma ne ya ragu. Wannan bai ba ni mamaki ba idan na tuna da OCP da FRP. A jikin bakteriyar, yawan wannan da yawan wancan a daidaice suke. Idan mai sakin birki ya yi yawa, kariya ba ta kamawa, idan ya yi kaɗan, yunwa ta biyo baya. Kuma ma'aunin da ya yi daidai a gonar Illinois, mai ruwa da taki wadatattu, ba lallai ya yi daidai a gonar Gumel ko Maraɗi ba, inda ganye ke rufe ƙofofin numfashinsa da tsakar rana saboda ƙishirwa. Ganyen da ya rufe ƙofofinsa ba ya samun iskar kabon, kusan duk hasken da ya sauka a kansa rara ne, kuma a wannan hali kariya mai ƙarfi ita ce ke tsare ransa.

Saboda haka, idan irin wake mai wannan gyara ya iso hannun masu bincikenmu, roƙona shi ne a gwada shi yadda manomanmu ke shuka wake: a ƙarƙashin gero da dawa, a ƙasa mai yashi, a shekarar da damina ta yi kyau da kuma shekarar da ruwa ya ɗauke a watan Satumba. Kuma a auna ƙwaya da harawa duka biyu, domin mai wake a ƙasarmu da su biyun yake lissafi.